Goɗiya da Ciwon Mahaifa a Tarihin Dawakin Gusau, Tsafe da Bunguɗu

Duk wanda ya bi labarin yaƙe-yaƙen ƙasar Zamfara, tun daga jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo na 1804 har zuwa shigar Turawa Sakkwato cikin 1903, zai tarar ingarma ne ke shan yabo. Goɗiya kuwa ba safai a kan ambace ta ba, alhali ƙarfin rundunar kowane sarki a kan mahaifarta ya dogara.

Bisa al'ada barade ba su hawan goɗiya zuwa fagen fama. Ingarmu su ake ɗaurewa a bargar fada, goɗiyoyi kuwa a bar su ƙauye don haihuwa. Haka abin ya ke a Gusau, garin da Malam Sambo Ɗan Ashafa ya kafa, da Tsafe ta gabas da shi, da Bunguɗu ta yamma. To, cikin goɗiya wata 11 ne, watau ba ta ba da fiye da duƙushi guda a shekara. In ta yi ɓari, ko ta zama juya, sai sarki ya nemi doki daga Barno ko Azbin da tsada.

Babban abin da kan jawo wannan hasara shi ne ciwon mahaifa. Idan mabiyiya ta wuce sa'a 3 ba ta faɗo ba bayan haihuwa, ƙwayoyin cuta kan yaɗu, zazzaɓi ya biyo, har ciwon ya sauka ga kofato. Wani lokaci kuma wajen baye ne ingarma kan ɗauko cuta daga wata goɗiya ya kai wa wata. Alamarsa ita ce fitar mugunya, da komowar neman namiji kowane kwana 21 ba tare da ciki ya tsaya ba.

Mutanen da sun san waɗannan alamu, amma sanin ƙwayoyin da kan haddasa su daga baya ya zo. Cikin 1924 aka kafa ɗakin binciken cututtukan dabbobi a Vom, sai dai hankalinsa ya fi komawa ga bushiya da sauran annobar shanu. Da jirgin ƙasa ya iso Gusau, amfanin doki wajen tafiya ya ragu, kula da goɗiya ma ta ragu. A Amurka kuwa, cikin 1937, likita Caslick ya bayyana ɗinkin da kan hana iska da ƙazanta shiga mahaifa. Cikin 1977 aka gano wani ciwon mahaifa mai yaɗuwa ta baye a Newmarket ta Ingila.

Yanzu hawan salla da sukuwa su ke riƙe da darajar doki a jihar Zamfara. Amma sharaɗin bai sake ba: wanda ke son ingarman gobe, sai ya kira likitan dabbobi ya duba goɗiyarsa kafin baye da bayan haihuwa. Allah ya sa a kula.