Gulbi Ɗaya, Ambaliya Biyu: Maraɗi a 1945, Jibiya a 2018

Kogin Gada yana tasowa daga cikin ƙasar Katsina, ya ratsa ta Jibiya, ya tsallaka iyaka ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Da ya shiga Nijar sai sunansa ya koma Gulbin Maraɗi, ya bi ta yankin Madarunfa da Maraɗi, sannan ya karkato ya dawo Najeriya ya haɗu da Kogin Rima. Wata huɗu kacal yake gudu a shekara. Sauran watannin rairayi ne shimfiɗe, yara na wasa a ciki, masu amalanke na ɗiban yashi. Wannan doguwar shirun tasa ita ke sa mutane su manta cewa kwarin da yake kwance a ciki nasa ne. Ni ɗan Gangara ne a ƙaramar hukumar Jibiya, kuma abin da nake so in bibiya a nan shi ne yadda wannan gulbi ya karɓi haƙƙinsa sau biyu, a garuruwa biyu na 'yan'uwan juna, da abin da kowannensu ya yi bayan ruwa ya janye.

Labarin ya faro ne daga jihadi. Bayan Birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi a 1807, gidan sarautar Haɓe ya yi arewa, daga bisani Ɗan Kasawa ya kafa gadon mulkinsa a Maraɗi. Wurin da suka zauna ƙasan kwarin gulbi ne, kuma suna da hujja. Ruwa na kusa, fadama na ba da abinci rani da damina, dajin da ke kewaye kuma garkuwa ne ga mutanen da ke cikin yaƙi. A zamanin da mahayan dawaki suka fi ruwan sama ban tsoro, kwari ya fi tudu kwanciyar hankali. Haka garin ya zauna cikin ganuwarsa kusan shekara ɗari, har Turawan Faransa da na Ingila suka ja layin da ya raba Katsina da Maraɗi a farkon ƙarni na 20.

A damina ta 1945 gulbi ya cika ya batse, ya shiga tsohon garin Maraɗi ya narkar da gidajen ƙasa. Hukumar mulkin mallaka ta Faransa ba ta bari an sake gini a wurin ba. Aka tayar da garin aka mai da shi kan tudu, aka yanka tituna miƙaƙƙu masu faɗi, aka fitar da filaye layi-layi. Ba zan ce an yi wannan da shawarar talakawa ba, domin mulkin mallaka ba ya shawara, kuma barin kufan iyaye da kakanni ba ƙaramin abu ba ne. Amma sakamakon a bayyane yake. Maraɗin da ta zama cibiyar cinikin gyaɗa, ta zama garin Alhazai 'yan kasuwa, a kan tudun nan ta girma. Kwarin kuwa ya koma gonaki da lambuna, ruwa ya riƙa zuwa ya kwanta ya tafi, ya bar taki a bayansa.

Jibiya ta bi wata hanyar daban. Kasuwarta da mashigar iyaka ta Magama sun ja mutane daga ko'ina, gari ya yi ta faɗaɗa. Daga baya aka kammala madatsar ruwa a kan Kogin Gada, mai ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 142, domin noman rani da ruwan sha. Amfaninta ba ya ɓoyuwa. Sai dai madatsa tana da wata illa da ba a rubuta a takardar kwangila: tana sa mutanen da ke zaune a ƙasanta su ɗauka an ɗaure kogi har abada. Filin da kakanni suka bari don shuka rake da albasa sai ya fara zama fuloti. Kududdufan da aka haƙa don ɗiban ƙasar gini, waɗanda ke shanye ruwan unguwa, aka cike su da shara aka ɗora tubali. Babu wanda ya yi haka da mugun nufi. Filin kwari ya fi araha, talaka kuma inda ƙarfinsa ya kai nan yake gini.

Daren Lahadi 15 ga Yuli, 2018, zuwa wayewar garin Litinin, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ruwan ya tarar da mutane suna barci a Kwata, Ɗan Tudu, Sabuwar Tukare, Tsohuwar Tukare da Unguwar Mai Kwari. Fiye da mutum 40 suka rasu, gidaje sama da 500 suka rushe, dabbobi da hatsi suka salwanta. Wasu gawarwakin sai a Madarunfa aka tsamo su, cikin ƙasar Nijar, a kan hanyar da gulbin ke bi zuwa Maraɗi. Allah Ya jiƙansu. Wanda ya dubi sunayen unguwannin zai ga cewa harshenmu ya riga ya yi gargaɗi, domin wanda ya raɗa wa wuri suna Mai Kwari ya san inda ruwa ke taruwa.

Gwamna Aminu Bello Masari ya zo, Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya zo, hukumar agajin gaggawa ta NEMA ta kawo kayan tallafi. Daga baya aka yi aikin manyan magudanai a garin ƙarƙashin shirin NEWMAP mai samun tallafin Bankin Duniya. Duk wannan abin godiya ne. Amma magudanar siminti gwargwadon faɗinta take ɗauka, ranar da ruwa ya fi ƙarfinta kuwa sai ya nemi inda zai kwanta. Ƙaura zuwa tudu ma ba ita kaɗai ce magani ba, domin a damina ta 2024 jihar Maraɗi na cikin waɗanda ambaliya ta fi yi wa ɓarna a Nijar, bayan gari ya cika ya toshe hanyoyin ruwansa.

Mutanen Holan, waɗanda suka shafe ƙarnoni suna gina ganuwar tare ruwa, sun kai ga wannan fahimta bayan 1995, lokacin da aka kwashe mutum kusan 250,000 saboda tsoron ɓallewar koguna. Sai suka fara matsar da ganuwa baya, suna bar wa kogi fili. A birnin Nijmegen filin da aka bari ya zama wurin shaƙatawa idan ruwa ya janye. Mu ba mu buƙatar aron sunan wannan dabara, domin muna da shi tun fil azal: fadama.

Abin da tarihin gulbin nan ya nuna mini shi ne, fili marar gini a cikin kwari ba asarar ƙasa ba ne. In an shata shi da doka, aka dasa mangwaro da gwaiba da darbejiya, zai zama lambu da filin ƙwallo da inuwar hutawa wata takwas, ya zama masaukin ruwa wata huɗu. Sharaɗinsa ɗaya ne: duk wanda za a tayar a ba shi fili a tudu da diyyar da za ta gina masa gida, in ba haka ba zai dawo.

Lokacin yin wannan yanzu ne. Layin dogon da aka aza harsashinsa a 2021 daga Kano zuwa Maraɗi ta Jibiya zai bi, kuma inda jirgi ya tsaya fili yakan yi tsada. Dillalai za su dubi kwari su ga fuloti. Kafin su auna, ya kamata hakimi da dagatai da ƙaramar hukuma da hukumar tsara birane ta jiha su riga su, su kafa turaku a iyakar da ruwan 2018 ya kai. Waɗanda suka ga wannan iyaka da idonsu suna nan da rai, a tambaye su tun ana iya tambayarsu.