Wuta a Ƙarƙashin Daɓe: Tarihin Ɗumama Ɗaki ta Ƙasa

Tunda hunturu ya kama, jaura tana kaɗawa, kowace uwargida ta fito da kaskon wuta, na ga ya dace yau mu waiwayi tarihin wata dabara da ɗan'adam ya daɗe yana yi wa sanyi. Dabarar ita ce a sa zafi a ƙarƙashin daɓen ɗaki, ƙasan ya yi ɗumi, ɗumin ya taso ya game ɗakin. A ƙasashen sanyi yau ana shimfiɗa waya ko bututu kafin a ɗora tayil, har wasu na ɗauka sabon abu ne. To, ya haura shekara 2,000.

Mu fara da Rumawa. Tun kafin haihuwar Annabi Isa (AS) suke gina gidajen wanka masu ɗumin ƙasa, kuma marubutansu sun jingina yaɗuwar abin ga wani attajiri mai suna Sergius Orata. Ga yadda suke yi. Sai a jera gajerun ginshiƙai na tubalin da aka gasa, tsawonsu kamar ƙafa 2, a ɗora manyan fale-falen tubali a kai, a daɓe, sannan a yi ado da marmara ko ƙananan duwatsu masu launi. A waje kuma akwai murhu, bayi suna ta zuba itace. Hayaƙi da zafi su ratsa tsakanin ginshiƙan, su bi ramukan cikin bango su fice ta sama. Daɓen kan yi zafi har sai an sa takalmin katako. A birnin Pompei na Italiya, wanda dutse mai aman wuta ya binne a shekarar 79 miladiyya, har yau ana ganin irin waɗannan ginshiƙai. Sai dai abin na masu hali ne da gidajen wankan jama'a, domin yana cin itace ba kaɗan ba.

Da daular Rum ta yamma ta faɗi, dabarar ta ja baya a yawancin Turai, amma ba ta mutu ba. Musulmi sun riƙe ta a gidajen wanka da ake kira hammam. A hamadar Jodan akwai wani ƙaramin gini na Banu Umayya mai suna Ƙusair Amra, wanda aka gina a ƙarni na 8, kuma ɗakin wankansa ta ƙasa ake ɗumama shi.

Amma in ana maganar gidan talaka, mutanen Koriya ne gwanaye. Nasu sunansa ondol, wato dutse mai ɗumi. Hikimar a nan ta shafe mu mata kai tsaye, don wutar girki ce take aikin. Ana gina madafi ƙasa-ƙasa a jikin ɗakin kwana. Uwargida ta hura wuta ta ɗora shinkafa, hayaƙin ya bi ta wasu hanyoyi a ƙarƙashin ɗakin, ya fita ta bututun hayaƙi a ɗaya gefen. A kan hanyoyin akwai faffaɗan duwatsu, an shafe su da yumɓu, an liƙa takarda mai mai a sama. Dutse kuwa in ya sha zafi ba ya saurin saki, sai a kwana cikin ɗumi bayan wuta ta mutu. Shi ya sa suke cire takalmi a bakin ƙofa, su ci abinci a ƙasa, su kwanta a ƙasa, kamar dai mu. Wurin da ya fi kusa da murhu, na dattijo ne ko baƙo ko maijego. A arewacin ƙasar Sin ma akwai gadon tubali da ake kira kang, wanda hayaƙin girki ke ɗumamawa.

To, a nan ne darasin yake, ku saurara da kyau. Bayan yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953 itace ya yi wuya, sai mutane suka koma ƙona curin kwal. Kwal yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, ba ta da launi. In daɓe ya tsage, sai ta sulalo cikin ɗaki cikin dare. A shekarun 1960 da 1970 mutane da yawa sun kwanta lafiya ba su tashi ba, wani lokaci gida guda. Wannan musiba tana cikin abin da ya sa suka bar tura hayaƙi, suka koma tura ruwan zafi ta bututu. Yau kusan kowane gida a Koriya ta Kudu haka yake.

A Amurka kuwa, wani mashahurin mai zanen gine-gine, Frank Lloyd Wright, ya taɓa zama a ɗaki irin na Koriya lokacin da yake aiki a Japan, abin ya burge shi. A 1937 ya gina wani gida a garin Madison, ya binne bututu a ƙarƙashin daɓe. Daga 1947 aka gina dubban gidaje masu bututun jan ƙarfe a Levittown, kusa da New York, amma da shekaru suka ja bututun suka riƙa yoyo, gyara kuma sai an fasa daɓe. Sai a shekarun 1960 wani Bajamushe, Thomas Engel, ya samo hanyar yin bututun roba mai jure zafi, abin ya sake farfaɗowa.

Yanzu iri biyu ne, na ruwa da na lantarki. Ana fara shimfiɗa allon da zai hana zafi nutsewa ƙasa, a jera bututun ko wayar, a sa ɗan ma'aunin zafi, a zuba siminti, sannan a ɗora tayil. Ba a kunnawa sai simintin ya bushe sarai, in ba haka ba tayil ya tsage. An fi son tayil da dutse saboda suna saurin ɗaukar zafi. A ƙa'idar Turai, ɗumin daɓen ɗakin zama ba ya wuce digiri 29, wato bai ma kai zafin jikin mutum ba.

Wata za ta ce, to mu ina ruwanmu? Ai kakanninmu ma sun san wannan ilimi. Gadon ƙasa da ake ginawa da rami a ƙarƙashi, a zuba garwashi don tsofaffi da masu jego, ɗan'uwan kang ne. Sai dai ɗumi daban, gashi daban. A shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Zariya, Davidson da Parry, sun lura da yawan ciwon zuciya ga mata bayan haihuwa, suka danganta shi da kwanciya a gado mai tsananin zafi, da wankan jego da tafasasshen ruwa, da yawan shan kunun kanwa. Binciken da ya biyo baya ya nuna akwai wasu dalilan, irin su hawan jinin masu ciki da ƙarancin abinci mai gina jiki. Ko ma mene ne sanadi, maijegon da ƙafafunta suka kumbura, take haki, ba ta iya kwanciya sai a jingine, asibiti za a kai ta a ranar. Ba ƙarin wuta take buƙata ba. Maigida da uwar miji, don Allah a ba da izini da wuri.

Sannan gubar da ta kashe mutanen Koriya, ita ce dai take fita daga gawayinmu da janareta. Kada a rufe ƙofa da taga a kan kaskon wuta. A ɗumama ɗaki, a fitar da kaskon waje kafin a kwanta. In kika ji ciwon kai da jiri da tashin zuciya, ko yara suka yi laushi a ɗakin da ke da garwashi, maza a buɗe ƙofa, a fita da kowa tsakar gida, a nemi likita.

Nan za mu dakata. Allah Ya raba mu da sharrin sanyi da na wuta, Ya raya mana zuri'a. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu, a huta lafiya.