Allura da Zare a Ɗakin Jiyya

Mu da muke jiyyar marasa lafiya ta hanyar ba su aikin yi, mun saba da tambayar dangi: "Malam, asibiti muka kawo shi ko wurin koyon sana'a?" Ana yawan haɗa mu da masu gashin ƙashi. Su gaɓoɓi suke motsawa, mu kuwa so muke mutum ya koma ɗaura zaninsa da kansa, ya riƙe cokali, ya sake shiga cikin jama'a.

A Amurka aka kafa ƙungiyar wannan fanni ta farko a 1917, kuma Eleanor Clarke Slagle na cikin waɗanda suka aza tubalinta. Sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Ɗaya da raunuka, rukuni-rukuni aka riƙa zaunar da su suna saƙar kwando da sassaƙa. A Arewa kuwa, tun kafin a san da mu, zangunan kutare na Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato, waɗanda mishan ta karɓa a shekarun 1930, sun haɗa magani da noma da aikin hannu. A Aro ta Abeokuta, Farfesa Adeoye Lambo ya fara a 1954 ajiye masu taɓin hankali a ƙauyuka tare da danginsu, suna aiki cikin mutane.

Daga baya fannin ya fara jin kunyar kwando da zare. Likitoci na son ma'auni, mu ma muka karkata ga na'urori. Sai a 1980, da tsarin Gary Kielhofner, hankali ya dawo sosai kan aikin da ke da ma'ana ga mai shi. A gida, dokar 1988 ta kafa hukumar da ke ba mu lasisi, amma makarantunmu na farko a Legas da Ile-Ife suke, shi ya sa har yau ba mu da yawa a Arewa.

A nan Zazzau kuwa, kayan aikinmu a ƙofar gida suke. Kasuwar Sabon Gari ba ta rasa zare, kaba da laka, kuma garin ya shahara da ɗinkin hula da aikin riga. Dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye, in ka ba shi ƙwallon roba ya matsa, sau biyar zai yi ya ture. Amma zaunar da shi a tabarma cikin mutum shida, ka miƙa masa hula mai zane, sai ka ga ya danne ta da raunanan hannun, yana soka allura da mai lafiyar. Na kusa da shi ya ce, "Baba, layinka ya karkace," ya harzuƙa ya mai da martani, alhali mako guda bai ce uffan ba a gida. Hannu ya motsa, harshe ya saki, ga jiran layin almakashi yana koya masa haƙuri.

Aikin yana da ƙa'ida. Mai kuturta da yatsunsa ba sa ji, kamar waɗanda ake kula da su a cibiyar Saye, dole a duba tafinsa kafin saƙa da bayanta, domin kaba na yanka shi bai sani ba. Mai tsananin damuwa kuwa, da laka ake fara masa, kuma muna ƙirga allurai kafin a tashi.

Da Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru tun 1962, da asibitin koyarwarta a Shika, abin da ya rage shi ne a horar da 'ya'yanmu a nan, a kuma jawo gwanayen ɗinki da masaƙa na cikin gari su zauna tare da mu a ɗakin jiyya.