Haifaffen Ɗan Ƙasa a Dokar Amurka

Kundin tsarin mulkin Amurka na 1787 ya gindaya wa mai neman shugabancin ƙasa sharuɗɗa uku: ya kai shekara 35, ya zauna a ƙasar shekara 14, kuma ya kasance haifaffen ɗan ƙasa. Biyun farko lissafi ne kawai. Na ukun kuwa, waɗanda suka rubuta shi ba su fayyace shi ba, suka bar wa na baya jan aiki.

Tushen kalmar daga Ingila yake. A shari'ar Calvin ta 1608 alƙalai suka ce duk wanda aka yanke wa cibiya a ƙasar sarki, talakan sarki ne. A Yulin 1787 John Jay ya rubuta wa George Washington wasiƙa yana jan kunne kada a damƙa ragamar sojoji ga wanda ba haifaffen ƙasa ba. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1790 ta saka 'ya'yan Amurkawa da aka haifa a ƙetare cikin wannan sahu, amma ta 1795 ta cire kalmar, abin da lauyoyi ke ja-in-ja a kansa har gobe.

Sai dai ba a kan 'yan takara aka fi gwabzawa ba, a kan marasa gata ne. A 1857, cikin shari'ar Dred Scott, Kotun Ƙoli ta ce baƙar fata zuriyar bayi ba 'yan ƙasa ba ne. Sai da aka sha yaƙin basasa kafin gyara na 14 ga kundin tsarin mulkin ya rushe hukuncin a 1868, ya ba da 'yancin zama ɗan ƙasa ga duk wanda aka haifa a Amurka yana ƙarƙashin ikon dokarta. Wannan 'yar jimla ta ƙarshe ita ce ƙofar gardama. Da ita aka hana John Elk zama ɗan ƙasa a 1884, alhali kakanninsa sun riga Turawa zama a nahiyar. 'Yan asali irinsa sai 1924 doka ta haɗa da su baki ɗaya.

Wong Kim Ark kuku ne, haifaffen San Francisco, iyayensa 'yan Sin. Ya je ziyara ƙasar iyayensa, da ya dawo a 1895 jami'ai suka hana shi sauka, suka ce baƙo ne. Watanni ya yi tsare cikin jiragen ruwa, yana hangen garin da aka haife shi. A 1898 alƙalan Kotun Ƙoli shida suka ba shi gaskiya, biyu suka ƙi. Hukuncin ya ware 'ya'yan jakadu da na sojojin mamaya, amma ɗan baƙo mazauni ɗan ƙasa ne.

Batun kujerar shugaba kan taso ne lokacin zaɓe, ya lafa bayansa. An yi wa George Romney da aka haifa a Meziko, da John McCain da aka haifa a yankin mashigin Panama a 1936, da Ted Cruz haifaffen Kanada. Na Barack Obama kam ba muhawarar doka ba ce, ƙage ne: a Honolulu aka haife shi a 1961, amma sai da ya fito da cikakkiyar takardar haihuwarsa a 2011.

Ba kowace ƙasa ke bin wurin haihuwa ba. Birtaniya, uwar tsarin, ta daina bayarwa kai tsaye tun 1983. Najeriya jini take bi, ta iyaye ko kakanni.

Ranar 20 ga Janairun 2025 Donald Trump ya sa hannu kan umarnin hana takardun ɗan ƙasa ga jaririn da uwarsa ba ta da izinin zama, ko take kan bizar wucin gadi, muddin uban ba ɗan ƙasa ba ne kuma ba shi da zaman dindindin. Wannan ya shafi har matan da ke zuwa haihuwa daga ƙasashe irin Najeriya. Bayan kwana uku, wani alƙalin tarayya a Seattle ya dakatar da umarnin.