Asalin Akwatunan Japan Masu Sheƙi

A ƙasar Japan akwai wata itaciya da ake tsaga jikinta, wani ruwa mai danƙo ya tsattsafo, kamar yadda ƙaro ke fitowa a jikin ƙaya. Sunan ruwan nan urushi. Tun shekaru dubbai da suka wuce mutanen ƙasar suka gane cewa in an shafa shi a katako ya bushe, ruwa ba ya ratsa shi, ƙwari ba sa cin sa.

Aikinsa sai mai haƙuri. Itaciyar sai ta shekara goma ko fiye kafin a tatse ta, abin da za a samu kuwa bai fi cikin kofi ba. Ɗanyensa in ya taɓa fata, sai ƙuraje da ƙaiƙayi. Abin mamaki kuma, ba rana ke busar da shi ba, sai an sa shi a ɗaki mai ɗumi da laima. A shafa, a jira, a goge da gawayi, a sake shafawa, har ya yi baƙi wuluk yana sheƙi. Daga nan mai zane ya zana tsuntsu ko dutse da ɗanyen ruwan, ya barbaɗa garin zinariya a kai kafin ya bushe.

A shekarar 1543 Turawan Fotugal suka sauka a tsibirin Tanegashima. Da suka ga wannan aiki sai suka ruɗe. Suka riƙa ba masu sana'ar birnin Kyoto aikin irin kayan da suka saba da su a gida: adaka mai tudun murfi, da kabad mai aljihuna, da abin ɗora littafi a coci, duk an manna musu ɓawon katantanwar teku mai walƙiya.

A 1639 mahukuntan Japan suka kori mutanen Fotugal. Cikin Turawa, 'yan Holan kaɗai aka bari, aka tsare su a ɗan tsibirin Dejima da ke Nagasaki tun daga 1641. Ta wannan 'yar kafa kayan suka riƙa isa fadojin Turai. Ɗaya daga cikin akwatunan zamanin, wanda ake kira Akwatin Mazarin, yana gidan tarihi na Victoria and Albert a Landan har yau.

To, kayan sun yi tsada ƙwarai, itaciyar kuma babu ita a Turai. Sai kafintocin Ingila suka shiga kwaikwayo da fenti da wanish. Na Faransa kuwa sukan sayi tsohon akwatin Japan, su yanke allunansa, su manna a kan sabon tebur ko kabad. Shi ya sa za ka ga kabad ƙirar Faris, amma ƙofarsa aikin Kyoto ce.