Yadda Tarihi Ya Mance da Maza a Labarin Ƙwayar Cutar HPV

Ya kai mai karatu, idan ka taɓa jin sunan HPV, mai yiwuwa ka ji shi ne a zancen sankarar bakin mahaifa, ko kuma lokacin da Najeriya ta fara yi wa 'yan mata allurar riga-kafinta a watan Oktoban 2023. Shi ya sa maza da yawa suke ɗaukar ta larurar mata. Wannan zato yana da asali, domin masana sun shafe fiye da ƙarni guda suna neman ɓarnar wannan ƙwayar cuta a jikin mace, ba su waiwayi namiji ba sai daga baya.

Labarin ya faro ne a birnin Verona na ƙasar Italiya. A shekarar 1842, wani likita mai suna Domenico Rigoni-Stern ya bi rajistar mace-macen birnin, ya lura cewa sankarar mahaifa ta fi kashe matan aure da zawarawa a kan matan coci da suka haƙura da aure. Daga nan aka fara zargin cewa ciwon yana da alaƙa da saduwa. A shekarar 1907 kuma, wani ɗan ƙasar, Giuseppe Ciuffo, ya tace ruwan tsiron fata, ya cusa wa kansa, tsiron ya fito masa. Wannan ya nuna cewa ƙwayar cuta ce mai matuƙar ƙanƙanta take haddasa tsiron. Sai dai an daɗe ba a haɗa binciken biyu wuri guda ba.

Wanda ya haɗa su shi ne Harald zur Hausen, wani masani Bajamushe. A shekarar 1976 ya bayyana ra'ayinsa cewa dangin ƙwayar da ke kawo tsiro a al'aura ne suke jawo sankarar bakin mahaifa, alhali yawancin takwarorinsa wata ƙwayar daban suke tuhuma. Shi da abokan aikinsa suka gano nau'i na 16 a 1983, da nau'i na 18 a 1984. Waɗannan biyun su ne sanadin kusan kashi 70 cikin 100 na wannan sankara a duniya, kuma aikin ya sa aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 2008.

A duk tsawon wannan zamani, ina namiji? Ana ambatonsa ne kawai a matsayin mai ɗauko cuta ya kai wa matarsa. An yi ta binciken rayuwar mazajen matan da suka kamu, amma don lafiyar matan aka yi, ba don tasu ba.

Hankali ya fara juyowa ne daga maƙogwaro. Tun 1983 wani likita ɗan ƙasar Finland, Kari Syrjänen, ya ga alamun ƙwayar a sankarar baki. A shekarar 2000, Maura Gillison da abokan aikinta a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka suka kawo hujja mai ƙarfi cewa HPV, musamman nau'i na 16, tana haddasa sankara a gindin harshe da can cikin maƙogwaro. A da, taba da giya ake ɗora wa alhakin wannan ciwo, sai ga shi yana bayyana a jikin mazajen da ba su taɓa busa sigari ba. A yau, sankarar maƙogwaro mai alaƙa da HPV ta zarce ta bakin mahaifa yawa a Amurka, kuma mafi yawan masu fama da ita maza ne.

Riga-kafi ma ya bi wannan sahu. A 2006 Amurka ta amince da allurar Gardasil ga mata kaɗai, sai a 2009 aka buɗe ƙofa ga maza. Ostareliya ta shigar da yara maza cikin shirinta a 2013, Birtaniya kuwa sai 2019. Wani babban nazari da aka wallafa a 2023 ya nuna cewa kusan namiji 1 cikin 3 a duniya, daga shekara 15 zuwa sama, yana ɗauke da ƙwayar a al'aurarsa, kuma 1 cikin 5 yana da nau'in da ke iya kawo sankara.

To, me take yi wa namiji? Galibi jiki kan kawar da ita cikin shekara biyu ba tare da wata alama ba. Nau'i na 6 da na 11 su ne ke kawo kusan kashi 90 cikin 100 na tsiron al'aura. Idan kuwa mugun nau'i ya zauna shekaru, yana iya rikiɗewa sankarar azzakari, ta dubura, ko ta maƙogwaro. Ga wani abin lura: mace tana da gwajin da ke gano matsalar bakin mahaifa da wuri, namiji kuwa ba shi da gwajin yau da kullum irin wannan.

Kada kaciya ta ruɗe ka. Gwajin da aka yi a yankin Rakai na Uganda ya nuna tana rage kamuwa da mugayen nau'o'in da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ragewa ce kawai, haka ma kwaroron roba, domin ƙwayar tana bin haɗuwar fata da fata.

Saboda haka, idan ka ga tsiro ko gyambon da ya ƙi warkewa a gabanka ko duburarka, ko kullutu a wuya, ko ciwon maƙogwaro da wahalar haɗiya da suka wuce mako uku, garzaya asibiti. Kada ka yanke tsiron da reza, kada ka ƙona shi, kuma kada ka ɓata kuɗinka a kan kafso, domin magungunan kashe bakteriya ba sa taɓa HPV. Ka bar taba, ka tsare kanka daga zina. Idan kana da 'ya mai shekara 9 zuwa 14, ka kai ta a yi mata allurar, kyauta ce a cibiyoyin lafiya na gwamnati. Ka kuma tambayi likita game da riga-kafin ɗanka namiji. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani.