Uku ga Watan Agusta: Rana Ɗaya, Zamani Uku

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. A cikin shekaru ɗari da wannan gidan sarauta ya cika, ƙasar Nijar ta ga ranaku masu nauyi, amma kaɗan ne suka kai 3 ga watan Agusta. Rana ce ta tsakiyar marka, lokacin da hankalin manomi ke kan gero. Duk da haka sau uku tana zuwa da al'amarin da ya shafi ƙasa baki ɗaya, kuma a kowane karo sai da aka nemi sarakuna.

1960: Ranar ƴancin kai

Ran 3 ga Agustan 1960, a birnin Yamai, Diori Hamani ya shelanta ƴancin kan Nijar daga mulkin Faransa. Kwana biyu kafin nan Dahomey ta samu nata, ran 5 ga wata Haute-Volta ta biyo, ran 7 kuma Côte d'Ivoire.

Sai dai an share hanyar wannan rana tun ran 28 ga Satumban 1958, sa'ad da Janar de Gaulle ya kira ƙuri'ar raba gardama. Djibo Bakary, jagoran Sawaba, ya nemi a ce "a'a", a karɓi ƴanci nan take. Mafi yawan sarakuna, tare da jam'iyyar PPN-RDA ta Diori Hamani da Boubou Hama, suka tsaya kan "i", gwamnan Faransa Colombani kuma yana mara musu baya. "I" ta yi rinjaye da kimanin kashi 78 cikin ɗari. Ran 18 ga Disamba aka kafa Jamhuriya, a 1959 aka haramta Sawaba. Saboda haka ranar da aka yi bukin ƴanci, mutumin da ya riga kowa nemansa yana gudun hijira.

Har yau ana muhawara kan matsayin da sarakuna suka ɗauka. Wasu na cewa sun tsare ƙasa daga halin da Gine ta shiga bayan ta ce "a'a". Wasu kuwa na ganin rawunansu suka tsare. Abin da ba a gardama a kansa shi ne, sabuwar gwamnati ba ta iya isa ƙauye sai ta hannunsu: su ke tara lanho, su ke raba rigimar gona, su ke isar da umurni.

1975: Ranar dashen itatuwa

Farin da aka yi daga 1968 zuwa 1974 ya halaka dabbobi, ya watsa garuruwa, yana kuma cikin dalilan da sojoji suka bayar da suka kifar da Diori ran 15 ga Afrilun 1974. A 1975 gwamnatin Seyni Kountché ta tsai da 3 ga Agusta ta zama ranar dashen itatuwa a faɗin ƙasa, domin tare gurgusowar hamada. Daga nan bukin ƴanci ya sauka daga dandalin fareti zuwa bakin rami, inda sarki ke tattare riga ya dasa nasa iccen, talakawa su biyo baya.

Ga ƙasar Hausa wannan ba baƙon abu ba ne. Dattawan Damagaram sun adana labarin cewa a ƙarni na 19 Sarki Tanimun ya sa hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya sare gawo. Dalilinsa a fili yake: gawo na zubar da ganye da damina, ba ya tare wa gero rana, ganyen ya zama taki, da rani kuma ƴaƴansa abincin bisashe ne.

Amma dashe daban, rayuwa daban. Itatuwa da yawa na ranar buki ba su kai baɗi ba, saboda rashin ruwa da bakin awaki. Ga kuma dokar gandun daji da ta sa manomi ke ɗaukar iccen gonarsa kamar na gwamnati, wanda tara kawai zai jawo masa. A watan Mayun 1984 aka yi babban taron ƙasa a Maraɗi kan yaƙi da hamada. A waɗannan shekarun ne kuma manoman jihar suka rungumi sassaben zamani: maimakon a ƙone kututture, sai a zaɓi ƴan tsiron da suka fi ƙarfi, a sassabe sauran, a bar su su girma. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta haka aka raya itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram. A ƙauyuka da dama, maigari da dattawa ne suka tsaya kan hukunta mai satar sara.

2023: Ranar yanke yarjejeniya

Ran 26 ga Yulin 2023 sojoji suka hamɓarar da shugaba Mohamed Bazoum, Janar Abdourahamane Tiani ya karɓi ragama. Ƙungiyar CEDEAO ta rufe iyakoki, ta ba da wa'adin mako guda tare da barazanar amfani da ƙarfi, Nijeriya kuma ta yanke wutar lantarki. Daga Birnin Ƙonni zuwa Ɗan Isa da Magarya, dangin da iyaka ta raba suka kwana cikin fargabar yaƙi.

Ran 3 ga Agusta, da dare, aka sanar ta talabijin cewa Nijar ta soke yarjejeniyoyin soja biyar da ta ƙulla da Faransa tsakanin 1977 da 2020. Kafin ƙarshen Disamba sojojin Faransa, su kimanin 1,500, sun bar ƙasar. A wannan rana dai tawagar CEDEAO ta sauka Yamai a ƙarƙashin Janar Abdulsalami Abubakar, tare da Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, amma ta koma ba ta ga Tiani ko Bazoum ba. Kwana shida bayan haka, Muhammadu Sanusi na Biyu na Kano ya gana da Janar Tiani, Sultan na Damagaram yana tare da shi. Ƙofar da ta ƙi buɗuwa ga jakadu ta buɗe ga rawani. Ba a yi yaƙin ba, kuma a Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin.

Abin lura

A cikin shekaru 63 da suka raba karo na farko da na uku, jamhuriya bakwai ta wuce, sojoji sun karɓi mulki sau biyar, sarauta kuwa tana nan. Ba ta daɗe don ba ta kuskure ba. Ta daɗe ne gwargwadon yadda ta tsaya kusa da gona da rijiya da zumuntar da ta girmi iyaka. Wannan ita ce amanar da magada za su shiga ƙarni na biyu da ita.

Allah ya ja zamanin sarki, ya jiƙan magabata, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da Nijar lafiya. Amin.